An Kwashe Manya, An Hana Mu Madadi

Ni fa ban taɓa cewa yaro ya tsufa a ƙaramin kulob ba, kada wani ya ɗora mini maganar da ban yi ba. Yaro in ya iya ƙwallo dole ya wuce gaba, ni kaina ɗauke ni aka yi daga inda na fara. Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin ɗaukar da ake yi yanzu, kamar shaho ya suri ɗan tsako, babu sallama, babu ko ina kwana ga wanda ya raini yaron. Kulob ɗinmu na Jambutu ba shi da komai a duniya sai fili guda a bayan makarantar firamare, shi ma aro ne. Sharaɗin da makaranta ta kafa mana tun farko shi ne, muddin muna cikin gasar yara ta unguwanni, filin namu ne da yamma, ranar da aka cire mu daga gasa kuwa za a ba wasu. Ana cire kulob ne in ya kasa fito da yara bakwai ranar wasa har sau biyu. Mu kuwa mun riga mun kasa sau ɗaya. A wannan hali nake a ƙarshen daminar da ta wuce. Amma sai na koma baya tukuna, don wanda bai san yadda ake yi a da ba, ba zai gane abin da aka yi mana ba.

A Wuro Hausa aka haife ni, cikin Yola, zamanin da zuwa Jimeta tafiya ce da sai an nemi izini a gida. Ƙwallonmu na farko tsumma ne da muka cusa a tsohuwar safa. Daga baya muka sami na fata mai igiya, wanda in ruwa ya jiƙa shi ka kuskura ka sa masa kai, sai ka ga taurari da rana tsaka. Ni ake aike wurin mahauta roƙon kitsen da za a shafa masa don kada ya tsage. Ba a shiga fili sai an gama aikin gida, ka cika randuna, ka kai wa shanu dusa, ka wanke allonka. Ranar wasa kuma kowa ya zo da toka a gwangwani daga murhun uwarsa, da ita muke zana layi, shi ya sa babu uwar da ba ta san ranar da ɗanta zai buga ba. Har yau in na rufe ido ina jin dum ɗin ƙwallon nan a jikin katangar ƙasa, da ihun tsohuwar da ke bayan katangar tana rantsuwa yau sai ta fasa shi da wuƙa, alhali kullum ita ce mai jefo mana shi. Da an kira magariba wasa ya ƙare, ko da an ajiye fenariti ne. Dadata, wato mahaifiyata, takan ce, in na ji ciwo a gwiwa kada in nuna mata, in kai wa Hamma Buba tunda shi ya roƙe ni.

Roƙo kuwa ya yi. Hamma Buba masinja ne a ofishin En'e, dogo siriri, da keke da usur na ƙarfe a wuya. Shi ne kocinmu, ko da yake kalmar koci ba ta zo ba tukuna. Ba ya karɓar yaro a bakin fili. Sai ya je zauren gidanku ya cire takalmi, ya gaisa da mahaifinka gaisuwar Fulani mai tsawon nan, jam da jam har ka gaji da tsayuwa, sannan ya ce ya zo aron yaro. In uba ya ce ya ba shi, shi ke nan ka zama nasa. Ya ga ba ka je makaranta ba, shi zai fara jan kunnenka kafin labari ya isa gida. Ni a raga ya sa ni, wai tunda ba na jin magana ƙila zan ji ƙwallo.

Ina cikin tashen samartaka sunana ya ƙetara Jimeta. Wata yamma muna tirenin sai ga wani mutum ya sauka daga keke, jiɓi ya jiƙe masa riga sharkaf, yara biyu na biye da shi a wani keken. Kowa ya san shi. Oga Sande ne, mutumin Ibo mai shagon kayan keke a kasuwar Jimeta, shi ke riƙe da kulob ɗin da babu kamarsa a garin. Ya kwance ƙunshin ganye, ga goro farare, ya ajiye a gaban Hamma Buba.

“Malam Buba, wannan gola naka, ni ina son shi,” in ji Oga Sande.

Hamma Buba ya ce, “Sha ruwa tukuna, Oga. Yaron ba guduwa zai yi ba.”

Sai da ya sha, suka yi hirar tsadar taya da zafin bana, sannan Hamma Buba ya ɓare goro ɗaya ya ce, “To, za ka ɗauki babba. Me ka zo mini da shi?”

Oga Sande ya nuna yaran nan biyu. “Ga su. A wurina benci kawai suke zama, ni ba ni da wuri. Wannan ɗan Numan ne, ƙafar hagu nashi kamar wuta, amma tsoro ya yi masa yawa. Ka gyara mini shi.”

Hamma Buba ya zagaya su yana duba ƙafafunsu kamar mai sayen akuya, mu kuma muna ta dariya a ɓoye. Wannan shi ake kira madadi. Babban kulob in ya ɗauki ɗan wasan da ya nuna, sai ya bar wa ƙaramin kulob yaran da ke zaune a bencinsa, su sami wurin bugawa, ƙaramin kulob kuma kada ya bushe. Ba a rubuce yake ba, babu hukumar da ta kafa shi, kunya ce kawai ke riƙe da shi. Washegari Hamma Buba da Oga Sande suka je zauren mahaifina tare. Ranar da zan fara, Hamma Buba da kansa ya goya ni a keke har Jimeta, ya kama hannuna ya sa a hannun Oga Sande, ya ce in na yi rashin kunya kada a kore ni, a aiko masa da ni. Na yi kuka a hanya, ban san ko na murna ne ko na rabuwa ba. Ɗan Numan ɗin nan kuwa bai shekara biyu ba sai da duk Yola ta san ƙafarsa, Oga Sande ya sake hawo keke da goro da wasu yara ya zo ɗaukarsa.

Da na girma na yi aikin kafinta a ma'aikatar ayyuka, na yi aure, na tare a Jambutu tun tana da gonaki. Da gwiwa ta hana ni faɗuwa a raga sai na tara yaran unguwa, na bi gida gida kamar yadda na ga an yi. Sandunan ragar filin nan da hannuna na fere su. Yara nawa suka bi ta hannuna, ban ƙirga ba. A cikinsu akwai wani Nuhu, ɗan mai gadin wani sito, wanda ya zo mini ba takalmi, ƙafa duk faso. Ni na ɗinke masa tsohon but na ɗana, matata ta sha zuba masa tuwo. Yaro ne mai gudu da wayo, daga baya ya tafi kudu neman babban kulob, muka daina jin labarinsa.

Sannu a hankali abubuwa suka fara sauyawa. Gidajen kallo suka buɗe a kowane lungu, yaro ya san sunan duk wanda ke bugawa a Turai har da na matarsa, amma bai san golan unguwarsu ba. Sai kuma masifar nan ta zo. Bayan tashin bam a kasuwa, taro ya zama abin tsoro, iyaye suka hana yara fita, kuma wa zai ga laifinsu? Ciyawa ta cinye fili har ta kai mini ƙugu, awaki suka mai da raga wurin kwana. Na ɗauka an gama ke nan. Sai ga mutanen arewacin jiha sun kwararo, daga wajen Mubi da Michika da Madagali, wasu a tirela, wasu a ƙafa, da tabarma da tukunya a ka. Makarantu da harabar coci da gidajen 'yan uwa duk suka cika. Na ga yara zaune a gindin bango tun safe har yamma, ba wasa, ba faɗa, ba magana. Yaron da ba ya ko faɗa da ɗan uwansa ai ba lafiya ba. Na ɗauki adda na shiga sare ciyawa ni kaɗai. Kafin la'asar sai na waiga na ga sun biyo ni suna kwashe ta da hannu.

A cikinsu na tsinci Ishaya. Daga wani ƙauye na bayan Michika suka fito shi da uwarsa, uban bai fito ba. Wata da watanni yaron nan ba a ji muryarsa ba. Na sa shi a raga don can ne ba a tilasta wa mutum magana, ashe na yi kuskure mai daɗi, don gola dole ya yi wa 'yan baya tsawa. Ranar da ya fara ihu, “Bar shi, nawa ne!” duk fili ya tsaya cik, sannan aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Na je wurin uwarsa a ɗakin da aka ba su aro, na cire takalmi a ƙofa, na ce na zo aron yaro. Ta dube ni kamar ba ta gane ba, sannan ta rufe fuska da zane. Ta ce tunda suka baro gida babu wanda ya nemi izininta a kan komai. Shekarun nan su ne mafi daɗin da kulob ya taɓa gani. Margi da Higi da Fulani da Hausawa da 'ya'yan 'yan kasuwar Ibo, kowa na zagin kowa da Hausar Jimeta wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar Juma'a mu jira masu masallaci, ranar Lahadi mu jira masu coci. Da ƙura ta lafa wasu suka koma garuruwansu, na yi kewarsu amma na yi murna, wannan rashi ne mai dalili.

Rashin da ba shi da dalili shi ne wanda ya biyo baya. Akadami! Kowa ya sayi bas ya buga suna a jiki ya zama mai akadami. Mafi girma a cikinsu ta Nuhu ce, Nuhun nan nawa, ya dawo da tumbi da mota, yanzu wai Darakta ake ce masa. Jesi kala uku, mai ɗaukar hoto na bin su, kowane yaro an faɗa masa Turai na nan bayan kwana. Ba sa zuwa zaure. Wani saurayi ne zai tsaya a bakin filina da waya yana ɗaukar yarana, bai ko ce mini sannu ba, bayan kwana biyu sai in nemi yaro in rasa. Na rasa mai tsaron baya, na rasa 'yan tsakiya biyu a mako ɗaya. Waɗanda suka rage suka fara jin kunyar tsohuwar jesinmu mai faci. Iyaye ma suka shiga cewa kulob ɗin da ba a biya ai ba kulob ba ne. Ka ji fa! Abin da muka yi kyauta saboda Allah shi ya zama abin raini. Daga ƙarshe Maman Ishaya ta same ni a ƙofar gida, tana ta murza bakin zane.

“Baba Koci, ka yi haƙuri da ni. Mutumin akadamin Nuhu ya ce Ishaya ba zai biya komai ba, kuma zai kai shi waje. Ni ba gona a nan, ba miji. Yaron nan ne kawai nake da shi.”

Na ce mata ta daina ba ni haƙuri, ita ta fi kowa gaskiya a maganar, ita kaɗai ce ma ta zo ta faɗa mini. Na ce Allah ya sa albarka. Da ta tafi na zauna ina ƙirga yaran da suka rage mini.

Ana sauran 'yan kwanaki wasan da zai raba mu da gasa, yara shida gare ni. Na ce to, tunda Nuhu ya manta hanya, ni zan bi ta. Na sayi goro farare, na sa babbar riga, na hau keke Napep zuwa inda suke tirenin. Wallahi abin da na gani ya fi abin da na je nema ciwo. Yara ne jere a benci, sun fi ƙarfin benci har wasu na zaune a ƙasa, jesi sabuwa fil, but mai ƙyalli, ba wanda ya yi jiɓi. Ishaya kuwa, golan da duk gasar unguwanni ke tsoro, yana bayan raga yana tsinto wa wasu ƙwallo. A ragar wani yaro ne mai ƙiba, ɗan wani babba, ƙwallo na wuce shi yana gyara safar hannu.

Nuhu ya taso da fara'a, har da rusunawa. “A'a, Koci! Da kanka? Ku kawo wa Baba lemo mai sanyi. Kai, zo ka ɗauke mu hoto, wannan shi ne tushena.”

Na bari aka ɗauki hoton, sannan na ajiye goron a kan tebur. Na ce, “Nuhu, ka kwashe mini manya, ban hana ka ba. Na zo karɓar madadi. Ka ba ni uku daga waɗancan da ke zaune, ko biyu. Su buga a wurina, in sun nuna ka zo ka ɗauka.”

Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya ba da labarin kura. “Koci, ai zamani ya wuce nan. Waɗannan iyayensu biya suke yi. In na tura su wurinka, sai a ce na mayar da su baya.”

“Benci ne gaban?” na tambaye shi. “Yaron da ba ya taɓa ƙwallo, a Turai zai koya?”

“Tsari ne, Koci, ba za ka gane ba.” Ya matso ya rage murya kamar mai ba ni albishir. “Ka huta hakanan, ka yi iya naka. Filin makarantar nan ma mun riga mun yi magana da hedimasta. In ya shigo hannunmu za mu gyara shi, mu kafa allo, har sunanka za mu sa a jiki.”

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa sunana ba ya buga ƙwallo, yara ke bugawa. Na ce ƙafar nan da yake takawa da ita a takalmi mai tsada, ni na wanke mata faso da ruwan ɗumi. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Bai ɗaga murya ba, bai ma ji haushi ba, wannan shi ya fi ƙona ni. Da Oga Sande ne aka yi wa haka, baƙo a garin, da kunya ta hana shi buɗe shago. Shi kuwa sai ya kira mai gadi ya ce a kwashe goron a ci, a tsayar wa Baba keke.

Ranar wasa tun da hantsi na bi gida gida. Wannan ya tafi lesin, wancan yana tsaron shago, wancan uban ya ce ɗansa ya fi ƙarfin ƙwallon unguwa. La'asar ta yi, abokan karawarmu daga Adarawo suka iso cike da mota. Yarana shida suka jera a tsakiyar fili, ƙaraminsu jesi ta kai masa gwiwa. Rafali mutumin kirki ne, ya yi ta ƙara mana lokaci, ya gyara tuta, ya sake ɗaure takalmi, ya duba raga har sau biyu. 'Yan kallo kuwa sun cika bakin fili maƙil, yawancinsu yara ne, kowa sanye da jesin wani kulob na Turai. A cikinsu na hango Ishaya, da rigar akadami, ya riƙe waya ta shinge da hannu biyu. Na taka har wurinsa.

Na ce, “Ishaya, mutum ɗaya nake nema. Ka tsaya mini a raga yau kawai.”

Ya sunkuyar da kai. “Koci, an yi mini rajista a can. Sun ce duk wanda ya buga a wani wuri, kora ne. Mama za ta yi kuka.”

Hawayensa na zuba a kan rigar. Na dafa kansa na ce ya tsaya inda yake, kada ya kuskura ya shigo. Ba shi ya yi mini laifi ba. Na juya na ɗaga wa rafali hannu, ya dube ni ya daɗe, sannan ya busa, ya ba Adarawo wasan. Yaran Adarawo ba su ko yi murna ba, kocinsu ya zo ya riƙe hannuna ya ce su ma saura kaɗan abin ya same su. Ina jin baƙin cikin wannan yamma har yanzu, kuma ban yafe ba, ba zan ɓoye ba. Gari cike da yara masu son ƙwallo, benci cike da yaran da aka hana bugawa, mu kuma muka rasa fili saboda mutum ɗaya.

Ba a yi mako ba aka sa wa ƙofar filin kwado. Ni na ce shi ke nan, na ninke jesi na cusa a ƙarƙashin gado, na gaya wa matata daga yau ta sami mai taya ta hira da yamma. Washegari bayan la'asar ina zaune a tsakar gida sai na ji sallama. Na leƙa, ga su nan su shida a ƙofa, sun ɗaura takalma, babbansu ya rungumi ƙwallo.

Ƙaramin ya ce, “Koci, an kulle can. Yau ina za mu je?”

Na tsaya ina kallonsu. Na bi unguwar nan kaf a cikin kaina, duk inda na sani da fili yanzu shago ne ko gidan bulo ko garejin makanikai. Na ce su jira ni in sa takalmi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da takalmin a hannu, ina jin su a waje suna gardamar wanda zai tsaya a raga.